Bishiyar sikwoya tana bushewa daga ƙasa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wani babban lambu a kudancin Ingila, kuma akwai wata matashiyar sikwoya da ta hana ni sukuni. Irin manyan nan ce ta duwatsun Siyera Nebada a Kalifoniya, dangin shahararriyar bishiyar da ake kira Janar Shaman mai tsayin mita 83. Tun 1853 aka kawo irinta ƙasar nan, kuma tana yi sosai, don tsofaffin da ke lambun maƙwabta lafiyarsu ƙalau.

Tawa ba ta wuce mita shida ba. Bayan zafin 2022 rassanta na ƙasa suka fara yin ja, yanzu abin ya haura tsakiya, kan ne kawai kore shar. Ƙasar wurin laka ce, ruwa na kwanciya lokacin sanyi, da zafi kuma ta tsage. Saiwar wannan bishiya ba ta nitso, yaɗuwa take, shi ya sa nake ba ta ruwa a hankali, na kuma lulluɓe gindin da ɓawon itace. Ba ta canja ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne laimar kwaɗi mai launin zuma da ta fito kusa da gindin a watan Oktoba. Na san irinta na ruɓar da saiwa.

To ƙishi ne, ko ruwa ya yi yawa, ko cutar ce? In ɗan kankare ɓawon gindin in duba ko akwai farin abin nan da cutar laimar kwaɗin ke shimfiɗawa a ƙarƙashin ɓawo, ko zan ƙara mata rauni? Don Allah wanda ya taɓa ceto irinta ya taimaka, ba na so a sare ta.