Faifan da suka fito bayan mutuwar Hendrix, nasa ne?

Bashir: Ni dai ina nan a kan bakana. Faifan da Jimi Hendrix, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan Amurka, ya tsara da kansa huɗu ne: Are You Experienced da Axis: Bold as Love a 1967, Electric Ladyland a 1968, sai Band of Gypsys na wasan dandali a 1970. Ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970, yana ɗan shekara 27. Duk abin da aka liƙa wa sunansa bayan nan, cin gumin mamaci ne kawai.

Anti Larai: Kai Bashir, sannu da yanke hukunci. To "Angel" da "Freedom" fa? A The Cry of Love suka fito, 1971. Muryarsa ce, jitarsa ce, shi ya rubuta su. Don bai ga kwalin faifan ba sai su zama na wani?

Bashir: Anti, wanda bai ɗanɗana gishirin miya ya ce ta yi ba, ba za a ce shi ya sauke ta ba.

Kawu Ilu: Ku dakata in ba ku labari, don ni na ji abin da kunnena. Ina makaranta wani abokina ya ara mini kaset ɗin Crash Landing, na 1975. Na yi ta juya shi da biro don kada batir ya ƙare, ina ta murna. Sai daga baya na ji yadda aka yi shi. Furodusa Alan Douglas ya ɗauki tsofaffin rikodin, ya goge masu ganga da masu jitar bes na asali, ya kawo waɗansu makaɗa suka yi sabon kiɗa a kan muryar mamaci. Bai tsaya nan ba, har sunansa ya sa cikin marubutan wasu waƙoƙin. Wannan kam, Bashir, ko a gaban alƙali ina bayanka.

Bashir: Yauwa Kawu!

Kawu Ilu: Kada ka yi saurin tafi, ban gama ba. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kafin ya mutu yana tsakiyar aikin wani babban faifai ne a situdiyonsa na Electric Lady da ke New York, wasu waƙoƙin ma saura ƙiris. Bai bar wasiyya ba, gado ya koma hannun mahaifinsa Al, wanda sai 1995 ya ƙwato ikon waƙoƙin bayan doguwar shari'a. Da iyalansa suka fitar da First Rays of the New Rising Sun a 1997, Eddie Kramer suka kira, injiniyan da ya zauna da shi a situdiyo. Wannan ai haɗa abin da ya bari ne, ba jabu ba.

Mamman Damagaram: Mu a nan Nijar wa ya damu da lissafin faifai? Bombino na Agadas bidiyon Hendrix ya riƙa kalla yana koyon jita. Mdou Moctar kuma, wani makaɗin jitar namu, bahago ne kamar Hendrix. Hannun ake kallo, ba shekarar fitowa ba.

Anti Larai: Ka ji ko.

Bashir: Na ji, amma a gaya mini gaskiya: Valleys of Neptune a 2010, People, Hell and Angels a 2013, Both Sides of the Sky a 2018. Mutumin da tashensa bai wuce shekara huɗu ba, kusan shekara hamsin ana tatsa? Gwajin da ya yi da dare bai gamsu ba ya ajiye, shi ake sayar mana.

Anti Larai: Wannan gwajin da kake rainawa, ni shi na fi so. A nan za ka ji shi yana lalube, ya yi kuskure, ya sake kamawa.

Bashir: To a rubuta "gwaji" a jikin kwalin mana, kada a ce sabon faifai.

Kawu Ilu: Kai da kake wannan tsaurin, "Hear My Train A Comin'" da ka turo mana makon jiya, a cikin huɗun naka wanne ta fito?

Bashir: Kawu, an kira la'asar, zan dawo.