Wai laimar kwaɗi mai sa maye ba ta ɓoyuwa?

Nura: Jama'a, ina da magana, kuma na san za a taso mini. Tsoron da ake ba mutane game da laimar kwaɗi ta daji ya wuce gona da iri, musamman nau'in nan mai sa maye da ake ta rubutu a kansa kwanan nan. A ganina ba ta ɓoyuwa. An ce idan ka murje ta tana yin shuɗi, an san irin wuraren da take tsirowa, ga kuma manhajar waya da za ka ɗauki hoto ta faɗa maka sunanta. Sannan ita kanta ba a cika jin ta kashe mutum ba. Ba cewa nake kowa ya je ya ci ba. Cewa nake mai ido da waya zai gane ta.

Malam Isiyaku: Nura, ka haɗa magana uku a ƙunshi ɗaya, bari mu kwance su. Mu fara da shuɗin. Gaskiya ne da yawa daga masu ɗauke da silosaibin, wato sinadarin da ke sa mayen, suna yin shuɗi idan an murje su. To amma akwai wasu na daban, masu kauri da soso a ƙarƙashin hularsu, da suke yin shuɗi cikin daƙiƙu kaɗan saboda wani sinadari da ba shi da alaƙa da maye, kuma a cikinsu akwai wanda zai sa ka kwana kana amai. Wannan kuma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce, mutum ba guda ɗaya yake tsinkowa ba. Yana cika leda ne. Ya murje biyu sun yi shuɗi, sai ya yanke wa sauran ashirin ɗin hukunci ɗaya. Akwai wata 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa-ƙasa da masana ke kira Galerina marginata, tana fitowa a ruɓaɓɓen itace, wani lokaci kafaɗa da kafaɗa da wasu nau'o'in. Gubar da ke cikinta ita ce dai ta cikin wadda ta fi kowace kisa a duniya. Kama da wane ba wane ba ne.

Nura: To ai shi ya sa na kawo maganar wuri, Malam. Kowace da inda take fitowa.

Malam Isiyaku: Wuri yana rage zato, ba ya yanke hukunci. Abin da kake gani a sama kamar 'ya'yan itace ne kawai. Ainihin halittar zare ne siriri da ke shimfiɗe cikin ƙasa ko itace, kuma zaren nau'i biyar zai iya zama a kututture ɗaya. In ruwa ya sauka duk su leƙo tare. Kututturen bai san wanda kake nema ba.

Baba Ɗanladi: Ku yaran zamani kun cika wahalar da abu. Mu yadda muka ji daga manya, idan ƙwari ko dodon koɗi sun ci, to mutum ma zai ci. Ko a jefa cokalin azurfa a tukunya, in ya yi baƙi a zubar. Kuma wuta ba ta bar komai ba, in an dafa sosai ai shi ke nan. Shekarata nawa ban ga wanda naman kaza, wato laimar kwaɗin nan, ya kashe ba.

Anti Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma duk ukun nan babu wanda zan bari ɗana ya dogara da shi. Dodon koɗi yana cin mai kisan ya wuce lafiya lau, don jikinsa ba irin namu ba ne. Azurfa kuma sinadarin farar wuta ke sa ta baƙi, ba ruwanta da wannan gubar. Dahuwa ce ta fi ba ni tsoro, don ita mutane suka fi yarda da ita. Gubar nan, amatoksin, tafasa ba ta kashe ta, soya ba ta kashe ta, shanya da daskararwa ma haka.

Bari in faɗa muku yadda take aiki, don mu masu aikin jinya abin da ake nanata mana ke nan. Mutum ya ci, babu abin da zai ji na tsawon awa 6 zuwa 24. Daɗinta ma aka ce ba laifi. Sai amai da gudawa kamar kwalara su taso masa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, ya tashi zaune, ya nemi abinci, ya fara tambayar yaushe za a sallame shi. 'Yan uwa su yi ta hamdala. Alhali a daidai wannan lokacin gubar ta riga ta shiga ƙwayoyin hanta ta toshe injin da suke ƙera furotin da shi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku ko ta huɗu ka ɗaga fatar idonsa ka ga farin ya koma ruwan ɗorawa, jini ya daina daskarewa, hankali ya fara gushewa. Daga nan wasu sai dashen hanta.

Nura, kai kuma ga abin da nake so ka duba. Mai sa mayen tana fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Wanda ya tsinko mai guba bisa kuskure zai zauna yana jira, ba abin da ya ji. Me kake ganin zai yi? Zai ce bai ci da yawa ba ne, ya ƙara.

Nura: Wannan na ƙarshen ya shige ni, Anti, ban musa ba. Amma manhaja fa? Na'urar da ke gane fuskar mutum cikin dubbai ita ce za ta kasa gane laimar kwaɗi?

Hauwa: Ni na gwada, don son sani kawai. Wata fara ta fito a gindin katanga bayan ruwan sama, na ɗauke ta hoto daga sama, manhajar ta ba ni suna. Na durƙusa na ɗauka daga gefe, ta ba ni wani sunan daban, har da cewa ana ci. Abu ɗaya, rana ɗaya, waya ɗaya. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Masu bincike a Ostareliya sun gwada manhajoji uku da hotunan nau'o'in da masana suka riga suka tantance, aka wallafa sakamakon a 2023. Wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu kusan rabi kawai ta gane daidai. A shekarar ce kuma ƙungiyar masana laimar kwaɗi ta birnin New York ta yi gargaɗi kan littattafan koyar da tsinka da ake sayarwa a Amazon, waɗanda alamu suka nuna na'ura ce ta rubuta su.

Malam Isiyaku: Kuma dalilin a fili yake. Ɗauki babbar mai kisan, Amanita phalloides. Hularta wani lokaci kore-kore ce mai duhu, wani lokaci ruwan ɗorawa, wani lokaci kusan fara fat, gwargwadon shekarunta da ruwan da ta sha. Ɗaya daga manyan alamominta wata 'yar jaka ce a can gindin ƙafarta, kamar ɓawon ƙwai da ta fashe ta fito daga ciki. Jakar nan galibi a binne take cikin ƙasa. Mai tsinka ya sa wuƙa ya yanke daga sama, ya bar shaidar a ƙasa, ya ɗauki hoton abin da ya rage. Wace na'ura ce za ta ga abin da ba a nuna mata ba? Masani kuwa sai ya tono ta gaba ɗaya, ya kifa hular a kan takarda ta kwana don ya ga launin garin irin da ta zubar, ya sa a madubin ƙara girma, wani lokaci ma sai an kai ga gwajin ƙwayar halitta.

Akwai abin da ya fi manhaja haɗari ma, wato ƙwarewar da mutum ya yi a wata ƙasa ya ɗauke ta zuwa wata. A kudu maso gabashin Asiya akwai naman kaza da ake nomawa a kan ciyawar shinkafa, shi ma da 'yar jakarsa a gindi, mai daɗi, ba shi da illa. Mutanen da suka tashi da shi sun yi ƙaura zuwa Kalifoniya da Ostareliya, suka ga wani mai kama da shi a gindin bishiyoyi, suka ce ga namu. A birnin Kanbera na Ostareliya mutum biyu 'yan China sun rasu ta haka a farkon 2012. Ba jahilai ba ne, ɗaya ma mai dafa abinci ne. Kallon kitse suka yi wa rogo.

Baba Ɗanladi: To in haka ne, su mutanen da suka daɗe suna amfani da ita fa? Na ji an ce akwai ƙabilun da tun kakanni suke ci. Da madubin ƙara girma suka gane ta?

Nura: Yauwa Baba, ka ɗauke mini magana daga baki.

Hauwa: Tambaya ce mai kyau, amma tarihin ba ya goyon bayanku yadda kuke zato. A Meziko, a tsaunukan jihar Wahaka, mutanen Mazatek sun daɗe suna amfani da ita a bukukuwan neman waraka. Sai dai ba kowa ke tsinkowa ba. Akwai masu abin, sun san 'yan nau'o'i ƙalilan na tsaunukansu, sun koya hannu da hannu shekara da shekaru. Wannan ai ƙwarewa ce, ba "mai ido da waya" ba.

Ku duba yadda duniya ta san da ita. Wani ma'aikacin banki Ba'amurke, Gordon Wasson, ya je garin Huautla a 1955, wata mai magani María Sabina ta shigar da shi bikin. Ya rubuta labarin a mujallar Life a 1957. Shi kansa da ya so a san ko wane nau'i ne, bai dogara da idonsa ba, sai da ya ɗauko Roger Heim, babban masani daga gidan tarihin halittu na Faris. Heim ya raini nau'in a ɗakin bincike ya aika wa masanin sinadarai Albert Hofmann a Suwizalan, shi kuma ya ware sinadarin a 1958. Ita María Sabina abin bai yi mata daɗi ba. Baƙi suka cika garin, 'yan sanda suka sa ido, mutanenta suka ga laifinta, har aka ƙona mata gida.

Malam Habu: Ni fa ina ta karantawa ina mamaki. Ana ta gardamar yadda za a gane ta, ba wanda ya tambayi me za a yi da ita in an gane. Duk abin da ke sa maye haramun ne, hadisi ne ingantacce, bai ce sai na kwalba ba. Fitowarta daga ƙasa ba hujja ba ce.

Nura: Allah gafarta Malam, ban ce halal ba ce. Amma a yi adalci. Likitoci na bincike a kanta don ciwon damuwa mai tsanani. Jihar Oregon ta Amurka ta kaɗa ƙuri'a a 2020 ta yarda a yi amfani da ita ƙarƙashin kulawa, Ostareliya kuma tun Yulin 2023 ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa damar rubuta ta. Abin da ake magani da shi ba za a ce dodo ne kawai ba.

Anti Rabi: Wannan gaskiya ne, ƙanena, amma ka karanta yadda ake yin binciken. Ba wanda yake shiga daji da kwando. A manyan gwaje-gwajen, sinadarin haɗa shi ake yi a ɗakin bincike, a auna da miligiram, a zuba a kafso. Kafin a ba mutum sai an tantance shi, wanda yake da tarihin taɓin hankali, ko a danginsa na kusa, galibi cire shi ake yi. Sannan ma'aikata su zauna da shi awa shida ko fiye. Ta daji kuwa, ko an dace da nau'in, ƙarfin wannan ba ɗaya yake da na ta kusa da ita ba. Kuma cewa ba ta kisa, a yi hattara. Ba ta cika tsayar da numfashi ba, haka ne. Amma wanda hankalinsa ya gushe a saman bene ko bakin titi fa? Holan da aka sani da sassauci ta hana sayar da ita a 2008, bayan wata yarinya 'yar Faransa ta faɗo daga gada a Amstadam. A yawancin ƙasashe ma mallakarta laifi ne, sinadarin yana cikin jerin farko, mafi tsauri, na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyi masu sa maye.

Nura: To ku bar ni da guda ɗaya. Jar nan mai ɗigo-ɗigon fari da ake zanawa a littattafan yara. Ita kam ko makaho ya shafa ya gane.

Malam Isiyaku: Amanita muscaria. Ka lura da sunan farko? Gida ɗaya suka fito da mai kisan. Ita ba silosaibin ne a cikinta ba, wasu sinadarai ne daban, masu kawo amai, rawar jiki, ruɗewa da barci mai nauyi kamar suma. Wasu ƙabilun Saiberiya sun yi amfani da ita, barewar ƙanƙara ma tana ci. Na yarda ta fi sauran sauƙin ganewa ranar da ta fito da kwalliyarta. Amma ɗigon nan ba fenti ba ne, ragowar mayafin da ta fito daga ciki ne, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi. Jan kuma yana koɗewa ya koma ruwan lemo. A wasu yankunan Amurka ma tun asali ruwan ɗorawa take fitowa.

Nura: Shi ke nan, na janye maganar manhaja da ta shuɗi. Amma ina nan a kan cewa wanda ya zauna ya koya a hannun masani zai iya ganewa.

Malam Isiyaku: Wannan ai ba ita ce maganar da ka fara da ita ba.

Baba Ɗanladi: Ni dai cokalina bai taɓa ba ni kunya ba. Amma Rabi, in yaro ya tsinka a tsakar gida ya kai baki, me ake yi? Jikokina ba sa barin komai.

Anti Rabi: A tafi asibiti nan take, Baba, ko yana wasa yana dariya. Kada a jira alama, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a tsaya ba shi madara. A tono ragowar har gindinta, a naɗe a takarda, ban da leda don tana sa ta ruɓe, a tafi da ita. In ya riga ya yi amai a ɗebi aman ma. A riƙe lokacin da ya ci, don shi likita zai fara tambaya.

Baba Ɗanladi: Har aman?

Anti Rabi: Har shi. Wani lokaci a cikinsa ake samun garin irin da za a duba.