Ɗan kwangila ya kawo jadawalin aiki, me za mu duba kafin mu sa hannu?

Sakataren Kwamiti, Jega:

Assalamu alaikum. Kwamitin Islamiyyarmu zai ba da kwangilar bene mai aji shida, uku ƙasa uku sama. Ɗan kwangila ya kawo takarda shafi biyu mai sanduna kala-kala, ya ce zai fara farkon Afrilu ya gama ƙarshen Oktoba, wata bakwai ke nan. Babu injiniya a cikinmu, kuɗin kuma na jama'a ne. Masana, me za mu duba kafin mu amince? Bayan nan ajiye takardar kawai ake yi, ko akwai aikin da take yi?

Injiniyan Gini, Birnin Kebbi:

Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku fara da ranar gamawa, kowa zai iya rubuta ta. Ku fara da tambayar me ke jiran me. A bene irin naku akwai ayyukan da ke ɗaure da juna: haƙa fandisho, zuba kankare, bulo zuwa linta, kafa katako da ɗaura rodi, zuba dakin (kankaren da ke rufe azuzuwan ƙasa ya zama daɓen na sama), jira, bulon sama, rufi, filasta. Kwana ɗaya ya salwanta a cikinsu, ranar gamawa ta matsa da kwana ɗaya. Fentin ƙofofi ko gyaran fili kuwa suna da sarari, jinkirinsu bai taɓa komai. Ku sa ya nuna muku wannan jerin da yatsa a kan takardar. In ya kasa, wani ne ya zana masa ita don a samu aikin.

Sannan ku gwada kwanakin da lissafi. Bulo mai inci tara guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya, magini mai hannu da leburansa yakan jera kamar 100 a yini. In ƙasa na cin bulo 3,000 ya rubuta kwana 6, magina biyar yake nufi kullum. Yana da su? Wa zai buga bulon, yaushe zai sha ruwa ya bushe?

Inda aka fi yin ɓarna shi ne dakin. Kankare na son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, bai kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kuma an saba barin turakun da ke tallafe shi kamar kwana 21. Jadawalin da ya nuna an cire katako bayan mako ɗaya, ku mayar masa. Dakin da aka sauke wa turaku da wuri yakan lotsa a tsakiya, ya tsage, kuma yara ne za su zauna ƙarƙashinsa.

Ku ɗora kalandar garinku a kai. Afrilu da Mayu zafi na shanye ruwan kankare, sai an zuba da sassafe ko da yamma an rufe da buhu mai jiƙa. Daga Yuni damina ta kankama, a Agusta ta fi ƙarfi, kuma lissafin wata bakwai zai kai ku rufi daidai lokacin. Gulbi in ya cika tifa ba ta shiga ɗibar yashi, farashi ya hau, leburori sun koma gona. Ya nuna yaushe zai tara yashi da tsakuwa, da kwanakin da ya ware wa ruwa da hutun salla.

Mai Ƙididdigar Gini, Gusau:

Injiniya ya gama da ɓangaren gini. Ni kuɗi zan taɓa. Kada ku biya bisa wata, ku biya bisa abin da ido ya gani: an kai difisi (inda fandisho ya ƙare a saman ƙasa), an kai linta, an zuba dakin, an rufe, an yi filasta. Kowane mataki da kasonsa a rubuce. Ku lura da wata dabara, ta tula kuɗi a ayyukan farko. Sai ku ga kafin bulo ya kai taga ya karɓi rabin kuɗin, ragowar ba za ta kai ga kwano da tayil ba, daga nan gini ya tsaya. Ku kwatanta kowane kaso da takardar ƙididdigar kaya. A riƙa cire kashi 5 cikin 100 a kowane biya, rabi a ba shi ranar miƙa makulli, rabi bayan wata shida in ya gyara abin da ya bayyana. Kuɗin somin aiki kuma kar ya fita sai da takardar lamuni ta banki.

Abin da masu aiki ke mantawa: ku ma kuna cikin jadawalin. Ranar miƙa fili, ranar biya, ranar zaɓen launin kwano, duk a sa su. In kun yi jinkirin biya mako uku, yana da haƙƙin ƙarin lokaci, ba ku da bakin cin tararsa.

Jadawalin da kuka amince da shi na farko, ku sa masa hannu da kwanan wata, ku adana, kar a taɓa shi. Duk mako biyu ku je wurin da kwafi, ku rubuta ranar da aka fara kowane aiki da ranar da aka gama, ku ɗauki hoto. Kada ku karɓi "an yi kashi 80". A ƙirga: aji nawa aka yi wa filasta cikin shida?

Mai Zanen Gini, Argungu:

Ina tare da ku, sai dai ina jin tsoron kwamiti ya wuce gona da iri. Malam Sakatare, ku yi tambaya, ku ƙi abin da bai yi ba, amma kada ku ce masa fara nan ka bar can. Ranar da kuka tsara masa aiki, jinkirin ya zama naku. Kuma aji shida bai buƙatar manhajojin tsara aiki irin su Primavera ko MS Project, layi 30 zuwa 40 a Excel ya isa, muddin babu layin da ya wuce mako biyu. "Aikin gini, wata uku" ba jadawali ba ne. A ƙara layin famfo da waya, domin bututun wuta kafin a zuba dakin ake shimfiɗa shi, in an manta sai fasa kankare.

Sakataren Kwamiti, Jega:

Allah ya saka da alheri. In ya makara ya kawo sabon jadawali mai sabuwar ranar gamawa fa?

Mai Ƙididdigar Gini, Gusau:

Ku karɓa ku ajiye kusa da na asali, ku rubuta masa cewa karɓar ba ta sauya ranar da ke cikin yarjejeniya ba. Ƙarin lokaci takardarsa daban: ya faɗi dalili, da kwana nawa, da aikin da abin ya tsayar, ya kawo cikin wa'adin da kuka sa, misali kwana 14 da faruwar abin. Ruwan Agusta na kowace shekara ba dalili ba ne, ya san da shi tun Afrilu. Ambaliyar da ta yanke hanya, ko ƙarin aji da ku kuka nema, waɗannan dalili ne. Kafin ranar zuba dakin kuma ku ɗauko injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba rodi, ko da na yini ɗaya ne, kuma a sa ranar zuwansa a jadawalin tun yanzu.