Shin Iran na da hurumin rufe mashigar Hormuz?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Masana dokar teku, ina neman ƙarin haske. Duk sanda dangantaka ta yi tsami tsakanin Iran da Amurka sai a ji ana batun rufe mashigar Hormuz. Ruwan nan, wanda shi ne ƙofar Tekun Fasha, tsakanin Iran da Oman yake, kuma inda ya fi tsukewa bai wuce mil 21 na teku ba. Idan ruwansu ne, me zai hana su kulle shi? In kuwa na duniya ne, wa ya ba su damar tare jiragen dakon mai a can?

Malamin Shari'a:
Wa alaikumus salam. Ruwansu ne, amma doka ba ta ba su ikon kulle shi ba.

Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982 ta kuma fara aiki a 1994, ta yanka teku kashi-kashi. Daga gaɓa zuwa mil 12 ruwan ƙasa ne, dokarta ke aiki a ciki. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, wato mil 12 ɗin wajen kilomita 22 ke nan. Har zuwa mil 200, kifi da man da ke ƙarƙashi na ƙasar ne, amma hanyar wucewa ta kowa ce. Gaba da nan buɗaɗɗen teku ne, ba mai iko da jirgi sai ƙasar da ya ɗaga tutarta.

To ka yi lissafi: 12 na Iran da 12 na Oman sun ba da 24, mashigar kuwa 21 ce. Babu tazarar da ta rage, dole jirgi ya bi ta ruwan ɗayansu.

Wucewa kuma iri biyu ce, kuma a nan ake yawan ruɗewa. A ruwan ƙasa na yau da kullum, abin da baƙon jirgi ke da shi shi ne wucewa ba tare da cutarwa ba: ba atisaye da makami, ba leƙen asiri, ba kamun kifi, ba tayar da jirgin sama daga kansa, jirgin ƙarƙashin ruwa kuma sai ya taso sama ya nuna tuta. Ƙasa na iya dakatar da irin wannan wucewar na ɗan lokaci a wani yanki saboda tsaro, muddin ta sanar kuma ba ta ware wasu ƙasashe ba. Amma a mashigar da duniya ke bi daga wani teku zuwa wani, sashe na 38 ya ba da 'yancin ratsawa, wanda ya haɗa har da jiragen sama, sashe na 44 kuma ya ce ba a dakatar da shi. Abin da ke kan jirgi shi ne ya wuce ba jinkiri, kada ya yi barazana ga masu gaɓa, ya bi layin da aka shata, ya kiyaye dokokin gurɓata ruwa.

Hajiya Lauya:
Allah ya gafarta Malam, akwai saura. Iran ta sa hannu a 1982 amma ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, kuma tun ranar sa hannun ta bayyana cewa 'yancin ratsawa na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar ne kawai. Amurka kuwa ba ta shiga ba, sai dai tana cewa wannan 'yancin ya riga ya zama al'adar da ta hau kan kowa. Kowa na jan bargon ya rufe nasa gefen. Ita ma Oman, da ta tabbatar a 1989, ta ce jiragen yaƙi su nemi izini kafin su shiga ruwanta.

Duk da haka, ko an bi fassarar Iran ba a kai ga kullewa ba. A watan Oktoban 1946 jiragen yaƙin Birtaniya biyu sun taka nakiya a mashigar Korfu, a ruwan Albaniya, mutum 44 suka mutu. A 1949 Kotun Duniya ta yanke cewa a lokacin zaman lafiya jirage, har na yaƙi, na da damar wuce irin wannan mashiga ba sai da izini ba, in dai ba cutarwa suka zo yi ba. Ta kama Albaniya da laifin ƙin gargaɗin jirage alhali ta san da nakiyoyin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kotun ta ce Birtaniya ma ta keta hurumin Albaniya da ta koma ta share nakiyoyin da ƙarfin tsiya. Ni a ganina wannan ɓangaren na biyu ya kamata manyan ƙasashe su riƙa tunawa.

Tsohon Matuƙi:
Lauyoyi sun yi nasu, ga yadda abin yake a kan ruwa. Layin shiga faɗinsa mil 2, na fita mil 2, da tazarar mil 2 a tsakani, kuma a ƙuryar mashigar layukan a ɓangaren Oman suke. Ta nan ganga wajen miliyan 20 ke bi kowace rana a 2024, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha, ban da iskar gas ta Qatar.

Ba sai an ja sarƙa ake tsayar da jirage ba, inshora ce ke tsayar da su. Akwai kwamitin masu inshora a Landan da ke fitar da jerin wurare masu haɗarin yaƙi. Kafin jirgi ya shiga ɗayansu sai mai shi ya sanar, a yanka masa ƙarin kuɗi gwargwadon darajar jirgin, yawanci na kwana bakwai. A ce kashi 1 cikin 100 ne a kan jirgin dala miliyan 100: dala miliyan ɗaya ke nan a tafiya guda. In masu inshora suka janye, bankin da ya ba da bashin sayen jirgin ba zai yarda ya motsa ba, ma'aikata ma na iya cewa ba za su ba.

Nakiya ta fi komai arha kuma ta fi ɓarna. A 1987 Amurka ta sa wa jiragen Kuwaiti 11 tutarta tana musu rakiya, amma a ayarin farko jirgin Bridgeton ya taka nakiya. Sharar nakiya aiki ne mai cin lokaci, a hankali ake bin ruwan layi-layi. Ga kuma toshe siginar GPS, har na'ura ta nuna jirgi a kan tudu. Shi ya sa kyaftin mai hankali ke ƙara masu gadi, ya dogara da rada da alamun gaɓa. Wasu na kashe na'urar da ke bayyana inda suke don kada a gan su, sai dai a layi mai cunkoso wannan neman karo ne.

Hormuz ta fi Bahar Maliya muni ta fuska ɗaya. Da 'yan Houthi suka fara kai hari a ƙarshen 2023, jirage sun zagaya ta Afirka ta Kudu, ƙarin kwana goma ko fiye. Tekun Fasha ba shi da wata ƙofar. Bututun Saudiyya zuwa Yanbu da na Daular Larabawa zuwa Fujaira ba za su ɗauke duka ba.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. Saura batun kama jirgi.

Hajiya Lauya:
A buɗaɗɗen teku, sashe na 110 ya taƙaita dalilan hawa jirgin wata ƙasa: zargin fashi, cinikin bayi, watsa shirye-shirye ba izini, rashin tuta, ko zargin cewa jirgin na ƙasar masu hawan ne amma ya ɓoye tutarsa ta gaskiya. A mashiga kuwa ba a tsayar da mai ratsawa sai in ya karya dokar tafiya ko ta gurɓatawa har abin na barazanar babbar ɓarna ga ruwan. Shi ya sa mai kamu kan nemo dalili irin wannan. A Yulin 2019 Iran ta kama Stena Impero mai tutar Birtaniya, ta ce ya buge kwalekwalen masunta, makonni biyu bayan an tsare Grace 1, jirgin da ke ɗauke da man Iran, a Jibralta. Sai ƙarshen Satumba aka sake shi.

Inda ɓangarorin biyu ke cikin yarjejeniyar, akwai kotun dokar teku a Hambug. Sojojin ruwan Najeriya sun kama San Padre Pio mai tutar Suwizalan a 2018 yana juye mai a cikin yankin mil 200 na Najeriya, a Yulin 2019 kotun ta ce a sake shi a kan belin dala miliyan 14. Iran ba ta cikin yarjejeniyar, don haka ba a iya kai ta can sai da yardarta.