Idan An Nemi Bashin Karatu Da Sunanka

Me za ka yi idan wani ya nemi bashin karatu da sunanka ba tare da saninka ba? Waɗanda suka tattauna batun bakinsu ya zo ɗaya: kada ka yi shiru. Bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, wanda aka fara a 2024, da NIN, BVN da lambar JAMB ake nemansa, shi ya sa ɓarayi ke farautar lambobin nan.

Fara da 'yan sanda, ka karɓi rahoto a rubuce, sannan ka yi takardar rantsuwa a kotu. Kai kwafi ga magatakardar jami'ar da abin ya shafa, da kuma NELFUND, ka tsaya sai an buga maka hatimin karɓa, domin maganar baki ba ta zama hujja. Wasu sun ce a sanar da banki, a canza kalmar sirrin imel. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ɗaliban da ke barin takardunsu a shagon intanet.