Farin ƙuda da jan gizo-gizo sun hana tumatirina sakat, ina neman shawara

Assalamu alaikum, iyayenmu manoma da malaman gona. Ina noman rani, tumatir da attaruhu, a bakin Kogin Kaduna. Tun shigowar hunturu farin ƙuda da darɓa suka sauka a gonar, suna tsotse ruwan ganye har ya nannaɗe. Na fesa lambda-cyhalothrin, wanda ke kashe ƙwari iri-iri, darɓar kuwa ta yi sauƙi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, bayan feshin sai jan gizo-gizon nan ƙanana suka yi yawa a ƙarƙashin ganye, da saƙarsu, ganyen yana ɗige-ɗigen rawaya yana bushewa. Wani dattijo maƙwabcina ya ce maganin ya kashe ƙwarin da ke cinye su ne. Gaskiya ne?

Idan na koma abamectin, zai kama farin ƙudan ma, ko sai na nemi wani dabam? Tumatirin ya fara nuna, ga shi ba na son in kai wa mutane guba kasuwa. Kwana nawa zan jira bayan feshi kafin in tsinka? Don Allah a taimaka.