Neman shawara: masu imel da marasa imel, ta ina za su shiga manhajar hutu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sashen ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Mun daina cika takardar neman hutu, mun koma manhaja, sai ga rigimar shiga. 'Yan ofis kowa na da imel ɗin kamfani a Google Workspace, amma direbobi, masu gadi da masu lodi babu mai shi. Hanya uku manhajar ta ba ni: kalmar sirri, asusun Google, ko lambar da ake turowa ta tes. A yanzu shugaban masu lodi ya buɗe asusu guda, yaransa duk ta nan suke nema. In kunna duka ukun ne, ko yaya?

Wani mai kula da kwamfutoci, Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki buɗe wa kowa duka ukun. 'Yan ofis ki tsayar da su a kan Google kawai, ki kashe musu kalmar sirrin manhajar. Ranar da mutum ya ajiye aiki, da an rufe imel ɗinsa shi ke nan, ba shi da ta shiga. In kuwa kalmar sirri na nan, kin kulle ƙofar gaba ne kin bar ta baya, yana gida yana kallon wa ke jinya, wa ke hutun haihuwa. Duk da haka ki shiga manhajar ki dakatar da shi da hannunki, don wayarsa kan iya zama a buɗe na wani lokaci. Dakatarwa na ce, ban da gogewa: in kin goge, lissafin kwanakinsa na iya bin sa, kuma za ki neme shi ranar biyan haƙƙin sallama. Sai ki ajiye asusu ɗaya na gaggawa mai doguwar kalmar sirri, ke da manaja kaɗai, saboda ranar da haɗin Google zai ƙi.

Wata 'yar uwa daga Zariya: Ni tes ɗin ne ban yarda da shi ba. Layin da ya daɗe a kashe kamfanin sadarwa na sake sayar wa wani, sai lambar shigar ma'aikacinki ta faɗa hannun baƙo. Ki tuna yadda aka toshe layukan da ba a haɗa da NIN ba a 2024, mutane nawa suka canja layi ba su faɗa wa ofis ba. Mai babbar waya ki sa masa manhajar Google Authenticator in manhajar hutun na karɓar ta, lambar shiga take bayarwa mai alƙaluma shida da ke canjawa duk daƙiƙa 30, ko babu sabis tana aiki.

Mai tambaya: Na gode Anti, amma yawancinsu ƙaramar waya ce mai madanni.

Mai kula da kwamfutocin: To tes ɗin ya zama dole. Ki ajiye kwamfuta ɗaya a ofishinki, mutum ya zo, lamba ta shigo wayarsa, ya nema, ya fita daga asusun kafin ya tashi. Canjin layi kuma sai ya zo da ƙafarsa, kada ki karɓa ta waya.

Wani dattijo, tsohon jami'in ma'aikata: 'Yata, duk an tsallake babbar matsalar, asusun nan guda na masu lodi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na hutu da albashi bayan wata 12 yana aiki. Gobe wani ya ce bai taɓa cin nasa ba, da me za ki nuna shi ya nema, tunda sunan shugabansu ne a kan komai? Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, alhali a asusun taron nan kowa na karanta dalilin jinyar ɗan'uwansa. Ki buɗe wa kowa nasa, ko da bai iya karatu ba. Sannan ki duba saitin izini, ko akwai damar shugaba ya nema a madadin na ƙasa da shi. In akwai, ki ba shi ta asusunsa, rajista za ta nuna wa ya shigar, don wa. In babu, ki bar masu lodi a kan takarda da dangwale, ke ki riƙa shigarwa.

Mai tambaya: Na duba Baba, akwai damar. Allah Ya saka da alheri. Yau zan dakatar da asusun taron, amma sai na fara kwafe kwanakin kowa zuwa nasa.